Taura biyu a baki ɗaya: waɗanda suka buga kurket da ƙwallon Ostireliya

Malam Habibu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya a fili wani yarona ya tsare ni da tambaya, wai zai yiwu mutum ɗaya ya kai ƙololuwa a wasanni biyu daban? Na ce masa taura biyu ba ta taunuwa, ya zaɓi ɗaya. Da dare sai na tuna Sani ya taɓa gaya mana a nan cewa a Ostireliya an yi mutanen da suka buga wa ƙasa kurket, kuma suka buga irin ƙwallon nan tasu a babbar gasa. Sani, kana kusa? Ko dai na yi wa yaro ƙarya ne?

Sani Melbon: Wa alaikumus salam Malam. Ba ka yi ƙarya ba, amma da a 1946 ka faɗa da an ƙaryata ka. Bari in fara da asali, don a nan abin dariyar yake. Ita ƙwallon Ostireliya ɗan kurket ne ya kawo ta. Sunansa Tom Wills. A watan Yulin 1858 ya rubuta wa wata jaridar wasanni ta Melbon wasiƙa yana ƙorafin cewa da zarar sanyi ya shigo an ajiye sanda, 'yan kurket sai su zauna su yi teɓa. Ya ce a kafa ƙungiyar ƙwallo, in ba hali a kafa ta harbin bindiga, don jiki ya ci gaba da motsi. A watan Mayun 1859 shi da wasu suka zauna suka rubuta dokokin farko. Shi ya sa har gobe filin ƙwallon nan siffar ƙwai gare shi, ai filin kurket ne aka ara.

Musa Damagaram: Ku yi haƙuri da ni, mu nan Nijar kurket ɗin ma a talabijin kawai muke ganin mutane da fararen kaya sun tsaya cikin rana. Ita wannan ƙwallon, ba ita ce rugbi ba?

Sani Melbon: Kada ka faɗi haka a Melbon, Yaya Musa, za a ƙi sayar maka da shayi. Daban take. Mutum 18 kowane ɓangare, babu mai tsaron gida, babu raga. Dogayen sanduna huɗu ne a kowane ƙarshen fili. In ka buga da ƙafa ta ratsa tsakanin biyun tsakiya, maki 6. In ta bi ta gefe, maki 1. Ana riƙewa da hannu a yi gudu, amma ba a jefa wa abokin wasa, sai dai ka ɗora ta a tafin hannu ka naushe ta. Abin da ya fi burge 'yan kallo shi ne mutum ya yi tsalle ya taka kafaɗar wani ya cafke ta a sama. Su "futi" suke ce mata. Ana yin ta daga Maris zuwa Satumba, lokacin sanyinsu ke nan, kurket kuma daga Oktoba zuwa Maris, don su Disamba ce bazararsu.

Musa Damagaram: To yanzu na gane. Kamar mutumin da damina yana gona, kaka ta yi ya shiga dambe.

Sani Melbon: Ka gama magana. Haka nan ne.

Nura Gunners: Ni dai mutum ɗaya na sani, Shane Warne. An ce ɗan ƙwallo ne kafin ya koma kurket. A rubuta shi na ɗaya a tashi.

Baba Alhaji Garba: Nura, zauna. Warne bai shiga wannan lissafin ba. Ya buga wa 'yan ƙasa da shekara 19 na St Kilda, ƙungiyar futi ta Melbon, ya leƙa ƙungiyar 'yan jiran gado, aka sallame shi. Babbar gasa ko sau ɗaya bai taka ba. Korar ta yi masa rana, tunda ya je ya fitar da masu riƙe sanda 708 a wasannin Tes, wato manyan wasannin kurket na ƙasa da ƙasa da ake kwanaki ana bugawa, amma mu muna maganar wanda ya ci tuwo a gidajen biyu ne, ba wanda ya leƙa ta taga ba.

In ana wannan magana da Keith Miller ake farawa. Mu da muka riƙe sanda a makaranta sunansa muke ji a bakin malamanmu kamar tatsuniya. Wasan Tes 55 ya buga wa Ostireliya, ya tara gudu 2,958, wato makin kurket, ya fitar da mutum 170. Wato in an ba shi sanda ya yi ɓarna, in an ba shi ƙwallo ya jefa ya yi ɓarna. Yana cikin tawagar Don Bradman da ta zaga Ingila a 1948 ba a ci ta ko sau ɗaya ba. A ɗaya gefen kuma wasa 50 ya buga wa St Kilda, har jihar Biktoriya ta saka shi a tawagarta a 1946. Kuma a tsakiyar wannan duka ya tafi yaƙin duniya na biyu yana tuƙa jirgin yaƙi samfurin Mosquito. Da ya dawo aka tambaye shi ko yana jin matsi a fili, ya ce matsi shi ne jirgin Jamus ya biyo ka a baya, kurket ba matsi ba ne. Na gyara maganar ne saboda akwai mata a zauren, shi ba haka ya faɗa ba.

Sani Melbon: Baba, mutum-mutuminsa na nan a wajen MCG, babban filin kurket na Melbon, ina wuce shi in zan je kallo. Akwai wani abu da na ji daɗinsa a labarinsa: yana yaro guntu ne sosai, burinsa ya zama mai sukuwar dawaki, sai tsawo ya zo masa farat ɗaya ya ɓata shirin. Kuma yadda St Kilda ta gano shi, yana buga wa Brighton aka ce ya tsare Bob Pratt, mutumin da ya taɓa zura ƙwallo 150 a kaka ɗaya a 1934. Ɗaya tak Pratt ya ci a ranar.

Nura Gunners: Duk wannan bai shafe ni ba tunda babu Arsenal.

Baba Alhaji Garba: Akwai kuwa, ɗan nema. Babban amininsa Denis Compton na Ingila ne, wanda ya buga Tes 78 kuma ya ɗauki kofin FA da Arsenal ɗinka a 1950. Lambar da ake ba gwarzon gasar Ashes, wato karawar kurket tsakanin Ingila da Ostireliya, tun 2005 sunansu biyu take ɗauke da shi, Compton da Miller. Ka ga ko tarihin ƙungiyarka ba ka sani ba.

Nura Gunners: Na tuba Baba. Na ja bakina.

Dakta Bashir: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma ni ban yarda Miller ne na ɗaya ba, in har ma'aunin shi ne a yi fice a duka biyun. Miller gwani ne a kurket, a ƙwallo kuwa mai kyau ne kawai. Laurie Nash fa? Ya ɗauki kofi da South Melbourne a 1933. A 1934 ya zura 18 shi kaɗai a wasan Biktoriya da Ostireliya ta Kudu. Ana lissafa shi cikin manyan 'yan futi na kowane zamani. A kurket kuma wasansa na farko na Tes a 1932, da Afirka ta Kudu a Melbon, ya fitar da mutum 4 aka samu gudu 18 kacal a kansa, aka tattara su duka a kan gudu 36.

Baba Alhaji Garba: Tes nawa ya buga, Likita?

Dakta Bashir: Biyu.

Baba Alhaji Garba: To.

Dakta Bashir: Biyu, amma mutum 10 ya fitar a cikinsu, kuma shekara biyar tsakanin na farko da na biyu. Wannan ba rashin iyawa ba ne, Baba. Mutumin yana da baki, jifansa na tsoratarwa ne, kuma masu zaɓen tawaga na lokacin ba sa son irinsa. Lokacin da Ingila ta zo a 1932 zuwa 1933 tana auna jikin 'yan Ostireliya da ƙwallo, gasar da ake kira Bodyline, mutane da yawa sun so a sako Nash ya rama, aka ƙi. Shi ne wanda in aka tambaye shi wane ɗan ƙwallo ya fi kowa, sai ya ce kullum da safe yana ganinsa a madubi in yana aski.

Hajiya Zainab: Yabon kai jahilci, amma wanda ya ci 18 a wasa ɗaya a bar shi ya yi.

Malam Habibu: Ni fa abin da nake son ji, su biyun nan ne kawai, ko abu ne da aka saba?

Sani Melbon: An saba, Malam, suna da yawa. Jack Worrall ya buga Tes 11, ya yi tashe a ƙungiyar futi ta Fitzroy, daga baya ya horar da Carlton ta ɗauki kofi uku a jere, 1906 zuwa 1908. Warwick Armstrong, kyaftin ɗin da ya lallasa Ingila 5 da babu a 1920 zuwa 1921, wanda saboda ƙiba ake masa laƙabi da babban jirgin ruwa, yana saurayi siriri ne, har ya buga wa South Melbourne wasan ƙarshe na 1899 da Fitzroy ta cinye su da maki ɗaya. Sam Loxton abokin Miller ne a St Kilda kuma tare suka je Ingila a 1948, daga baya ya zama ɗan majalisar jiha. A Adilaid akwai Vic Richardson, tauraron ƙungiyar futi ta Sturt kuma kyaftin ɗin kurket na ƙasa, shi ne kakan su Ian da Greg Chappell. Gil Langley ma ɗan Sturt ne, ya tsare bayan sanduna, wato mai cafke ƙwallo a bayan mai riƙe sanda, a Tes 26, ya ƙare a kujerar kakakin majalisar jiharsu. In na ci gaba sai asuba.

Dakta Bashir: Yawan nasu shi ne hujjata ta biyu, kuma na san Baba ba zai so ta ba. In ka ga mutane da yawa suna iya haɗa wasa biyu a sama, to saman ba ta yi nisa ba ne. Waɗannan mutanen duk suna da aikin yi. Atisayen futi yamma biyu ne a mako bayan an tashi daga aiki, Asabar a buga. Yau ɗan wasan tsakiya a AFL, babbar gasar futi, yana cin sama da kilomita 12 a wasa ɗaya, ana kaɗa shi ana danne shi. Jikin da ake ginawa don wannan daban, jikin mai jifa da sauri daban. Mai jifa ƙashin bayansa ke shan wahala, kowane jifa nauyin jikinsa ninki-ninki ke sauka a kan ƙafar gaba. Ka ɗauki wannan bayan ka kai shi inda za a yi wata shida ana hawa kansa da gwiwa? Babu likitan ƙungiyar da zai sa hannu.

Baba Alhaji Garba: Likita, ku 'yan zamani kullum sai ku auna mutanen da da ma'aunin yau. Miller bai samu abincin da ake auna wa na yanzu ba, bai samu ɗakin motsa jiki ba, hular kwano ma babu, da kansa tsirara yake tsayawa gaban ƙwallo. Ka ba shi abin da aka ba na yau ka gani. Baiwa ba ta tsufa. Ido ɗaya ne ke ganin ƙwallon kurket tana tahowa da ƙwallon futi tana saukowa, hannu ɗaya ne ke cafke su.

Dakta Bashir: Ban ce ba shi da baiwa ba. Na ce da yau ne, yana shekara 17 za a ajiye masa takarda biyu a ce ya sa hannu a ɗaya.

Sani Melbon: A nan kam ina bayan Dakta, amma ni ina ganin ba jiki ne ya kashe abin ba, kalanda ce da kuɗi. Ku duba yadda ya riƙa ja da baya. Max Walker ya buga wa Melbourne wasa 85 daga 1967 zuwa 1972, da aka kira shi tawagar ƙasa ya ajiye futi, ya buga Tes 34. Kun ga shi bi da bi ya yi, ba tare ba. Peter Bedford ya ci lambar Brownlow a 1970, wato gwarzon futi na shekara, alhali yana buga wa Biktoriya kurket. Simon O'Donnell wasa 24 ya yi wa St Kilda a 1982 da 1983 ya bari, ya je ya ɗauki kofin duniya na kurket a 1987. Craig Bradley, mai wasa 375 a Carlton, ya ɗan taɓa kurket na jiha, daga kansa kuma kusan shi ke nan.

Me ya faru a tsakani? A 1977 Kerry Packer ya zuba kuɗin talabijin a kurket, ta zama sana'a. A 1986 futi ta fara tsarin zaɓen matasa na shekara-shekara, a 1990 gasar jihar Biktoriya ta zama ta ƙasa baki ɗaya, AFL. Yanzu 'yan futi suna komawa atisaye tun Nuwamba, daidai lokacin da kurket ke kankama. Su kuma 'yan kurket babu sauran hutun sanyi, in ba sa Ingila suna Indiya suna buga IPL, gasar kurket ta ƙungiyoyi da ake yi a can. Ratar da Tom Wills ya gani ya ce a cike, an cike ta har ta yi ambaliya.

Malam Habibu: To in yaro ya iya duka biyun, ina ya fi karkata?

Sani Melbon: Futi, mafi yawa. Lissafi ne mai sauƙi. AFL ƙungiya 18 ce, kowacce na riƙe da 'yan wasa wajen 40. Kurket kuwa jiha shida ce ke buga gasar Sheffield Shield, tawagar ƙasa kuma mutum 11 ne ke shiga fili. In kai ne uban yaro wace ƙofa za ka nuna masa? Masu kurket a nan kullum kukansu ke nan, wasan da aka ƙirƙira don ya yi musu hidima shi ke kwashe musu yara. Ɗan da ka goya ya girma ya fi ka gida.

Hajiya Zainab: Tun ɗazu nake karantawa ina jira in ga ko wani zai tuna da mata, shiru. Kuna ta cewa abin ya mutu tun zamanin Bradley, alhali Jess Duffin ta yi shi a gabanku. Lokacin tana Jess Cameron ita ce gwarzuwar wasan ƙarshe na kofin duniya na mata a 2013 a Mumbai, ta yi gudu 75 a kan West Indies. Da aka buɗe gasar futi ta mata a 2017 ta shiga Collingwood, ta koma North Melbourne, ta ƙare a Hawthorn, kuma a shekarun nan tana buga wa Melbourne Renegades kurket. Ba bi da bi ba, Sani, tare. Har haihuwa ta yi a tsakani ta dawo fili.

Nura Gunners: Anti, ai Ellyse Perry ma.

Hajiya Zainab: Perry ƙwallon ƙafa irin tamu ta haɗa da kurket, har ta ci Suwidin a kofin duniya na 2011. Ba futi ba ce. Yau ba ranarka ba ce Nura.

Dakta Bashir: Hajiya, kin kawo hujja mai ƙarfi amma ni ta taimaka. Duffin ta iya ne saboda a farkon gasar matan wasa bakwai ne kacal a Fabrairu da Maris, kuma 'yan wasan duk suna da wasu ayyukan. Wato matan a 2017 suna inda mazan suke a 1946. Da aka faɗaɗa gasar, a 2022 aka mayar da ita ta fara daga Agusta, sai ta faɗa kan lokacin Big Bash ta mata, wato gasarsu ta kurket. Ƙofar da ta rufe wa maza cikin shekara arba'in, ta mata cikin 'yan shekaru ta fara rufewa.

Hajiya Zainab: Wannan gaskiya ne, kuma ba zan yi kuka a kai ba. In rufewar ƙofar na nufin yarinya za ta ci abinci da wasa ɗaya ba sai ta haɗa da aikin kanti ba, a rufe. Ku maza kuna kewar zamanin Miller ne don ba ku ne kuka yi wasa kyauta ba.

Baba Alhaji Garba: Hajiya ta taɓo inda yake ciwo. Amma ni tsoho zan faɗi tawa. An samu kuɗi, an rasa mutum. Miller zai kwana a wajen biki ya iso fili da kayan jiya ya jefa ƙwallo. Na yau tun yana ɗan shekara 12 an sa shi a layi ɗaya kamar dokin sukuwa, bai san komai ba sai abu ɗaya, ranar da gwiwa ta tafi shi ke nan.

Sani Melbon: Baba, ba a rasa duka ba, salon ne ya canza. Yanzu in ɗaya ta ƙi ka sai ka koma ɗayar. Misali biyu masu kama da juna, har sunansu ɗaya. Alex Keath yana da damar shiga Gold Coast, ya zaɓi kurket ya sa hannu da Biktoriya. Abin bai yi ba, aka sallame shi, ya dawo futi, ya fara buga wa Adelaide a 2017, ya koma Western Bulldogs har ya buga wasan ƙarshe na 2021. Shi kuma Alex Carey akasin haka. Shi ne kyaftin ɗin matasan GWS Giants a 2010 kafin ƙungiyar ta shiga AFL, da lokacin shiga ya zo a 2012 aka ce ba ya cikin jeri. Ya koma gida Adilaid ya ɗauki safar hannu. Yau shi ne mai tsaron bayan sanduna na Ostireliya, shi ne ya fitar da Jonny Bairstow a filin Lord's a 2023, fitarwar da ta sa dattawan kulob ɗin da ke da filin suka riƙa yi wa 'yan Ostireliya ihu a cikin zaure.

Baba Alhaji Garba: Da ma'aunin da na kori Warne, Carey ma bai shiga ba. AFL bai taka ba.

Sani Melbon: Haka ne. Keath kuma bai buga wa ƙasa ba, jiha kawai.

Dakta Bashir: Kun ga ke nan tun O'Donnell ba a sake namijin da ya buga Tes kuma ya buga babbar gasar futi ba. Sama da shekara arba'in da barinsa St Kilda.

Musa Damagaram: Tambaya ta ƙarshe daga ɗalibi. In fili ɗaya ake wasannin biyu, mutum 36 sun yi wata shida suna tattake shi, ta yaya ake samun wurin jifan kurket mai santsi a tsakiya?

Sani Melbon: A MCG ba a barinsa a ciki. A wani wuri daban ake rainon shimfiɗar cikin manyan faranti na ƙarfe, ana gama wasan ƙarshe na futi sai a ɗauko da wata ƙatuwar mota a dasa a tsakiyar fili, kafin wasan Tes na 26 ga Disamba ta zauna daram. Kurket na ƙarewa a tone a fitar. Filin da sunan kurket ake kiransa, mai cin mutum dubu 100, amma kurket ɗin ce ke shigowa da kayanta ta kwashe ta tafi kamar baƙuwa.

Malam Habibu: Allah ya saka. Gobe zan kira yaron in ce masa an yi, in ba shi labarin Miller da na Nash ya zaɓi gwaninsa.

Baba Alhaji Garba: Miller za ka fara ba shi.

Dakta Bashir: Ka ba shi na 18 ɗin nan tukuna, Malam, sai mu ga wanda zai riƙe.

Nura Gunners: Ka haɗa masa da Compton don Allah.